Kwalbar gwaji ko kwalbar ƙasa: ina za ka sauki sarauniyar tururuwa?

Ɗan'uwa, ka ce bayan an ɗauke ruwa ka tsinci wata babbar tururuwa tana yawo a ƙarƙashin fitila, babu fiffike a jikinta, kuma kana so ka raine ta har ta tara jama'a. Tambayarka ita ce, ka cika kwalbar bama da ƙasa ka sake ta ta haƙa raminta, ko kuwa ka sa ta a siririyar kwalbar gwaji irin ta ɗakin kimiyyar makaranta, da ruwa da auduga. Ni dai kwalbar gwaji zan ce maka. Amma ƙasa ma tana da ranarta, shi ya sa zan jera maka su ka gani da idonka.

Kafin nan, ka tabbatar da abin da ke hannunka. A farkon damina ba tururuwa kaɗai ke tashi ba, har da shinge, wato gara mai fiffike, kuma ita ma tana zubar da fiffikenta a gindin fitila. Gara jikinta a miƙe yake, ba ta da siririn ƙugu, kuma za ka gan su biyu-biyu, namiji yana bin mace. Sarauniyar tururuwa tana da ƙugu tsukakke, ƙirjinta ya fi na ma'aikaciya kauri sosai, in ka duba gefensa da kyau za ka ga tabon inda fiffike ya fita. Namijin tururuwa ƙaramin kai gare shi da manyan idanu, kwanaki kaɗan yake yi bayan tashi ya mutu. Shi ne karin maganar nan ta fi dacewa da shi, wai in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Ita macen kuwa ranar fiffiken ce mafarin gidanta: a tashin nan take haɗuwa da namiji, ta adana maniyyinsa a wata 'yar jaka a cikinta, da shi za ta yi ta amfani har ƙarshen rayuwarta. Kuma rayuwar ba gajera ba ce. A Jamus an taɓa riƙe sarauniyar baƙar tururuwar lambu, Lasius niger, kusan shekara 29.

Yanzu ka duba abin da take yi in ba a kama ta ba. Tana sauka, ta karya fiffikenta, ta haƙa ɗan rami wanda bai fi jikinta da yawa ba, ta toshe ƙofar da ƙasa, ta zauna cikin duhu. Yawancin manyan sarauniyoyin da muke tsinta a nan, kamar shazumamu, wanda masana ke kira Camponotus, da tururuwar da ke jidar hatsi, wato Messor, ba sa fita neman abinci a wannan zaman. Naman ƙirjin da suka tashi sama da shi ne yake narkewa a hankali, shi da kitsen ciki, da su take ciyar da tsutsotsinta na farko. Wani Bafaranshe, Charles Janet, shi ya yi bayanin wannan narkewar a 1907. Tana kuma yin wasu ƙwai waɗanda ba na ƙyanƙyasa ba, na ci ne kawai. Kenan tamkar mai jego ce da ta shiga ɗaki da guzurinta: abin da take nema wuri ne matsattse, mai duhu, mai ɗan danshi, wanda ba a yawan leƙowa. Da wannan ma'aunin za mu auna kwalaben biyu.

Mu fara da danshi, don shi ne ke kashe yawancin sarauniyoyi a hannun masu farawa. A kwalbar gwaji, za ka zuba ruwa mai tsabta kamar kashi ɗaya cikin uku, ka dunƙule auduga ka tura ta da sauri har ta taɓa ruwan ba tare da ta bar iska a bayanta ba, ka sa sarauniyar, ka toshe bakin da busasshiyar auduga. Audugar ciki tana jan ruwa kaɗan-kaɗan, ita ce rijiyarta, ita ce kuma ke ba ɗakin laima. Kusa da ita akwai danshi, kusa da baki akwai bushewa, sarauniyar da kanta za ta riƙa matsar da ƙwanta zuwa inda ya fi mata. Wannan ruwan yana iya kai wata biyu ko fiye ba ka taɓa komai ba. A kwalbar ƙasa kuwa kai ne ruwan sama, kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙasa. Sama tana iya bushewa ƙurmus alhali gindin kwalbar ya zama taɓo, tunda kwalba ba ta da inda ruwa zai tsiyaye. Ka ga saman ya bushe, tausayi ya kama ka, ka ƙara ruwa, ramin ya rufta mata. Ko ka ji tsoron hakan ka ƙi zubawa, iskar hunturu ta zo ta busar da ƙasar cikin 'yan kwanaki. A nan tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Sai gani. Wanda ya zaɓi ƙasa yawanci sha'awarsa ce ya ga ana haƙa, kuma sha'awa ce mai kyau. Sai dai sarauniya tana gudun haske, don haka tsakiyar kwalbar za ta nufa, ta rufe kanta, shi ke nan. Za ka yi wata biyu kana kallon kwalbar ƙasa, ba ka san tana raye ko ta mutu ba. Abin da ke biyo baya na san shi: haƙuri ya ƙare, mutum ya ɗauki tsinke ya tona, ya tarwatsa ƙwai, ita kuma don firgita ta cinye sauran. A kwalbar gwaji kana naɗe ta da takarda mai kauri ko ka sa ta a aljihun tebur, sau ɗaya a mako ka zare a hankali ka duba na ɗan lokaci. Za ka ga ƙwai fari-fari a dunƙule, su zama tsutsa, na shazumamu su saƙa wa kansu ɗan kwanso ruwan ƙasa, har ranar da za ka ga ma'aikaciya ta farko tana tafiya da kyar, jikinta bai gama yin duhu ba. Daga ƙwai zuwa nan yakan ɗauki mako shida zuwa goma gwargwadon iri da ɗumi. Ma'aikatan farko ƙanana ne ƙwarai, kada ka ɗauka ciwo ne, iya abin da guzurin uwar ya iya ginawa ke nan.

Maganar tsabta gajera ce. Ƙasar waje tana zuwa da fumfuna da ƙananan ƙwari masu manne wa jikin tururuwa, kuma a rufaffiyar kwalba mai laima sai su yi yawa. Auduga ma tana yin baƙi in an daɗe, amma kana gani, kuma akwai magani.

Kwalbar gwaji ba ta rasa aibi ba, kuma gara ka sani tun yanzu. In audugar ciki ba ta matse ba, ruwa zai kwararo ya cinye ɗakin. Zafi yana ƙara wannan haɗarin, don iskar da ta maƙale a ɓangaren ruwa tana buɗewa ta turo shi. Don haka ka kwantar da ita, bakin ya ɗan fi gindin tudu, ka tokare ta kada ta gangara. Gilashi siriri ba ya kare zafi ko kaɗan, rana ta minti kaɗan a bakin taga ta isa ta dafa ta, alhali tarin ƙasa yana jinkirin ɗaukar zafi da sanyi. Wannan maki ne na gaske ga ƙasa, musamman a ɗakin kwano a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Abin da ya fi musu shi ne wajen digiri 25 zuwa 28, don haka ka nemi wuri mafi sanyi a ɗakin, can ƙasa kusa da randa, nesa da rediyo da janareta da duk abin da ke girgiza. In ruwan ya ƙare ko audugar ta lalace, kada ka zazzage su. Ka haɗa sabuwar kwalba baki da baki da tsohuwar, ka naɗe mahaɗar da salatif, ka lulluɓe sabuwar da takarda ta yi duhu, ka bar tsohuwar a haske. Da kansu za su kwashe 'ya'yansu su koma, ko da zai ɗauki kwanaki.

Girman da aka fi amfani da shi tsawon santimita 15 ne, faɗin baki milimita 16, ana samu a shagunan kayan kimiyyar makarantu. In babu, sabon babban sirinji daga kemis ko guntun tiyo mai haske irin wanda magina ke auna lebur da shi zai yi aikin, in ka toshe gefe ɗaya da kyau. Kwalbar ɗibar jini ta asibiti dai a bar ta, yawancinsu akwai magani a ciki.

To ina ƙasa ta fi? Akwai tururuwan da sarauniyarsu ba ta da isasshen guzuri, dole ta riƙa fita farauta tana ciyar da tsutsotsi. Dangin gwano haka suke. Za ka gane su da ƙirji da ciki marasa kauri sosai, jiki dogo, baki mai ƙarfi, kuma suna harbi. Irin wannan in ka toshe ta a kwalba ba abinci, yunwa za ta kashe ta, kuma tsutsotsinsu sukan buƙaci ɓarɓashin ƙasa ko yashi kafin su iya saƙa kwanso. Ita sai dai a haɗa mata biyun: kwalbar gwaji da ɗan yashi a ciki, a buɗe bakin, a kwantar a cikin robar abinci mai murfi, a riƙa ajiye mata ɗan ƙwaro da aka kashe duk bayan kwana biyu ko uku. Haka kuma wata sarauniyar, ko da cikin masu guzuri ce, sai ta ƙi zama, ta yi ta yagar auduga har mako ya wuce. Ɗan yashi busasshe a ƙasan kwalbar yakan kwantar mata da hankali. Kwarkwasa kuma ba a maganarta a nan, sarauniyarta ba ta da fiffike, ba ta tashi, wannan dogon mai jan jiki da ke faɗowa kan fitila namijinta ne.

In duk da haka zuciyarka na kan ƙasa, to ka yi ta da dabara. Ka gauraya yashi da ɗan yumɓu don ramin ya tsaya, ka gasa shi a tukunya ya huce, ka ɗan jiƙa shi yadda in ka damƙa zai dunƙule ba tare da ya ɗiga ba. Ka sa ƙaramar kwalba rufaffiya a tsakiyar babbar, ka zuba ƙasar a siririn tsakanin da ya rage, wanda bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, sannan ka naɗe waje da baƙar takarda. Ta haka duk inda ta haƙa zai biyo jikin gilashi. Wannan ya magance matsalar gani, bai magance ta ruwa ba.

Za ka kuma ga gidajen tururuwa na sayarwa, na filasta ko na roba, masu ɗakuna da yawa. Shi Janet ɗin nan ne ya fito da gida irin wannan mai fuskar gilashi, har aka nuna shi a babban baje kolin Faris na 1900. Suna da kyau, amma ba na sarauniya ɗaya ba ne. Fili mai yawa yana tayar mata da hankali, kuma 'yan ma'aikatan farko sai su mayar da ɗakunan da ba kowa juji, fumfuna ta tashi. Ka bari sai sun kai ashirin ko talatin, sun fara cika kwalbar. Masu shuɗin abu kamar kamu a ciki, waɗanda ake cewa gida ne kuma abinci ne, kada ka ɓata kuɗinka, ba a gina zuriya a cikinsu.

Abinci sai ma'aikata sun fito. Ranar nan ka ɗiga ruwan sukari ko zuma da aka sirka, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, a kan 'yar takarda, don babban ɗigo yana nutsar da su. Bayan kwana biyu ka ƙara ƙafar fara ko guntun gyare, ka cire ragowar washegari. In mai jidar hatsi ce, ka ba ta gero ko acca ko riɗi da aka ɗan farfasa, a ajiye ta wajen busasshen baki, don in ya jiƙa zai tsiro ko ya ruɓe. Ƙwaron da za ka ba su kada ya fito daga ɗakin da aka yi feshi, kuma ka nisanta su da fiya-fiya da igiyar sauro da turaren wuta. Kiyashin gida ma abokan gaba ne, suna iya shiga ta gefen audugar da ba ta matse ba su kashe sarauniyar da 'ya'yanta, shi ya sa nake son a sa kwalbar cikin roba, robar kuma a ɗora ta kan faranti mai ruwa.

In wata biyu ya wuce ba ƙwai, ko ƙwan ya ƙyanƙyashe sai masu fiffike ƙanana, to mai yiwuwa ba ta haɗu da namiji ba, domin a tururuwa ƙwan da ba a barbara ba namiji yake zama. Ba laifin kwalba ba ne, shi ya sa masu kiwo ke kama biyu ko uku, kowace da kwalbarta. Kada ka haɗa su wuri ɗaya, shazumamu musamman ɗaya za ta kashe ɗaya. Kuma ka tsaya ga na unguwarku. Fataucin sarauniyoyi tsakanin ƙasashe ya zama laifin da ake kama mutane a kansa: a 2025 kotu a Kenya ta ci tarar wasu matasa 'yan Beljiyam biyu da aka samu da sarauniyoyi wajen 5,000 a cikin irin waɗannan kwalaben. Wadda ka tsinta a ƙofar gidanku ta saba da zafinku da daminarku, kuma in wata rana kiwon ya gagare ka, kana iya mayar da ita gindin bishiyar da ke kusa da inda ka ɗauke ta.