African Storybook: abin da na gani bayan wata huɗu ina karanta wa yarana

'Yata ta fari shekararta biyar, ƙanenta kuma uku. Lokacin da ta shiga aji na biyu a nazare, malamarsu ta ce a samo mata littattafan da za a riƙa karanta mata a gida. Na shiga wani shagon littattafai a Sabon Garin Zariya da niyyar in ɗebo mata na Hausa, tunda ita muke yi a gida. Na tarar da kanta guda cike da na Turanci, masu kwali mai kauri da hotuna masu sheƙi, ga tuffa, ga dusar ƙanƙara, ga wani dabba mai gashi da yarinyar ba ta taɓa gani ko a talabijin ba. Da na tambayi na Hausa, yaron shagon ya miƙo mini littattafan jarrabawar sakandare da na soyayya. Na ce masa na yara ƙanana nake nema, ya ce, "Hajiya, ai ba a tambayarsu." Maganar nan ta tsaya mini a rai har na isa gida.

Na dai sayi biyu na Turancin. Ta yi kwana uku tana juya su, ta haddace "A for apple" kamar waƙa, amma in na rufe hoton da hannu na nuna mata harafin, sai ta zuba mini ido.

Wata abokiyar aikina, wadda ƙanwarta ke koyarwa a firamare, ita ta nuna mini African Storybook a wayarta. Shafi ne na intanet, da manhajar waya, wanda wata cibiya mai suna Saide da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu take gudanarwa. Ƙananan littattafan labari ne masu hoto a harsunan Afirka da yawa, har da Hausa, kuma kyauta ne. Ana iya karantawa a waya, ana iya saukewa a buga a takarda, har ma an yarda mutum ya fassara labari ko ya gyara shi ya dace da garinsu, muddin ya bar sunan marubuci da mai zane.

Abin da ya fi amfanata shi ne yadda suka jera littattafan hawa biyar. Hawan farko kalmomi ne ɗai-ɗai ko gajeren layi a ƙarƙashin babban hoto. Na biyu jimloli ne gajeru. Na uku da na huɗu sakin layi ne, daga ɗan ƙarami zuwa mai tsawo. Na biyar kuwa wanda babba zai karanta wa yaro ne a bayyane. Da farko na yi zumuɗi na sauke na hawa na uku, a ganina yarinya mai surutu irin nata ta wuce na farko. Ashe baki daban, ido daban. Ta kalli shafin ta ga rubutu ya yi mata yawa, ta ture wayar. Sai na koma na farko, na bar doguwar hanya. A nan na gane littafi biyu yaro yake buƙata a lokaci guda: wanda ya yi masa sauƙi har zai iya kama baƙaƙen da kansa, da wanda ya fi ƙarfin idonsa amma bai fi ƙarfin kunnensa ba, wanda ke za ki karanta masa yana kwance a cinyarki.

Hausar boko tana da wata falala da ban lura da ita ba sai da na zauna da yarinya. Kusan yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta. In yaro ya riƙe ba, be, bi, bo, bu, ya riƙe ka, ke, ki, ko, ku, to "baki" da "kaka" da "baba" sun zama nasa. Ba na manta daren da ta ɗora ɗan yatsanta a ƙarƙashin wata kalma, ta ce "a... ku... ya", ta yi shiru, sannan ta ɗago da ihu, "Umma, akuya ce!" Ta duba hoton ta ga akuyar kuwa. Ta ruga ɗakin babansu ta janyo shi ya zo ya gani. Kalmar da ta sani tun tana rarrafe ce ta same ta a kan takarda, shi ya sa abin ya shige ta.

Wanda suka fi so har yau shi ne labarin nan da mu ma muka ji muna yara, na akuya da kare da saniya da suka shiga motar haya. Saniya ta biya kuɗinta cif, kare ya bar canji a hannun direba, akuya ta arce ba ta biya ba. Autana bai san harafi ko ɗaya ba, amma duk sanda mota ta wuce layinmu akuyoyin maƙwabta suka watse, sai ya ce ba su biya kuɗin mota ba.

Shawarata ga duk uwar da za ta gwada: kada ki bar su a waya. Da zarar na miƙa mata wayar, labari ya ƙare, hannunta ya nufi bidiyo, ƙanen kuma ya fara kuka shi ma a ba shi. Ga caji, ga data. Sai na zaɓi guda takwas na kai shagon da ake buga takardu a bakin titinmu, aka buga mini baƙi da fari, na naɗe su biyu na ɗinke tsakiya da zare da allura. Rashin kalar ma ya zama alheri, domin na saya musu fensiran kala suka shafe hotunan da kansu, saniya ta koma shuɗiya. Yanzu kowa ya san nasa. In ya yage ko koko ya zube a kai, ba na jin ciwo, sai in sake bugawa. Ki dai duba takardar kafin ki baro shagon. Akwai ranar da kwamfutar wurin ba ta gane haruffa masu ƙugiya ba, ɓ da ɗ da ƙ duk suka fito kamar ƙananan akwatuna, sai da aka sake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo, tunda "kafa" da "ƙafa" ba ɗaya ba ne, haka "bari" da "ɓari".

Kuma ki karanta kowane labari ke kaɗai, da murya, kafin ki kai gaban yara. Da yawa daga cikinsu an fara rubuta su ne a wasu ƙasashen Afirka sannan aka mayar da su Hausa, don haka za ki haɗu da sunayen mutane da abinci da ba namu ba. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, yarinyar ta kan tambaya, ni kuma in yi mata bayani. Amma ga wanda zai fara haɗa baƙi, na fi son littafin da duk abin da ke cikinsa yana gani a tsakar gida: buta, tabarma, kaza, turmi. In na ga shafi ya wuce layi biyu, ko hoton bai nuna abin da rubutun ya ce ba, nakan ajiye shi sai gaba.

Bai maye gurbin tatsuniyar kakarsu ba, ba na kuma so ya maye. In Hajiya ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", ko littafi na hannunsu ajiye shi suke yi su ce "ta zo mu ji ta". Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya zuwa na uku, na nan a kan kanta tun na babansu, yakan ɗan karanta musu labari guda yana sauƙaƙa kalmomin, amma karanta shi da kanta sai nan da wasu shekaru.

A yanzu muna hawa na biyu. Bayan sallar isha muke zama, minti goma ko sha biyar, ita ta karanta mini ɗaya, ni in karanta musu ɗaya. Makon jiya na buga ƙarin kwafi shida na kai wa malamarsu, ta ce in akwai na lissafin ɗaya zuwa goma da Hausa in haɗo mata da su.