Littafin gyaran yoyon rufi: ya yi min rana, amma bai san soro ba

Damina uku muna fama da yoyo a ɗakin uwargida. Da marka ta kankama a watan Agusta sai a jera bokiti da roba da tukunya a tsakar ɗaki, silin duk ya yi dabbare-dabbare, wani gefen har ya fara lotsawa. Kafintoci biyu na ɗora a kan kwanon nan. Kowanne ya hau, ya lafta kwalta daidai saitin inda silin ya jiƙe, ya sauko ya karɓi kuɗinsa. Ruwa na gaba, mu koma gidan jiya.

A watan Afrilun bana ɗan ƙanina ya turo min wani ɗan littafi ta WhatsApp a kan gano yoyon rufi da gyaransa. Na kai shagon kwamfuta aka buga min shi. Turancinsa mai sauƙi ne, amma gaskiya zane-zanen sun fi rubutun yi min amfani.

Babin farko kaɗai ya biya kuɗin bugun. Ya nuna cewa inda ruwa yake ɗiga ba lallai nan ya shigo ba. Yakan shiga ta can sama, ya bi jikin katako yana gangarowa, sai ya sami gaɓa ko ƙusa sannan ya faɗo. Dabarar da ya bayar ita ce a sami mutum biyu a ranar da babu hadari. Ɗaya ya shiga cikin silin da tocila, ɗayan ya hau sama yana zuba ruwa, ya faro daga bakin kwano yana yin sama a hankali. In aka faro daga sama, ruwan zai jiƙa ko'ina, ba za a gane komai ba. Haka muka yi da babban ɗana, shi a ciki yana ta mitar zafi, ni a sama da buta. Ashe ɓarakar tana kusan taku uku sama da inda aka yi ta zuba kwalta, a mahaɗar kwano da bango, inda simintin ya tsage. Muka kuma tarar da ƙusoshi bakwai da aka buga a kwarin kwano, hanyar ruwa, maimakon a kan tudunsa. Na cire su, na toshe hudojin, na buga ƙusa mai hula da roba a inda ya dace. Bangon kuwa na kira magini ya sassaƙe shi, ya cusa bakin kwano a ciki ya sake shafewa.

Gargaɗin littafin a kan hawa rufi ma ya yi: a taka layin ƙusa don nan katako yake, kada a hau kwano yana jiƙe, a kula da wayar lantarki. Ni na ƙara nawa, a hau da sassafe, don kwanon Zariya a watan Afrilu ko takalmi bai cika tare zafinsa ba.

Inda ya gaza, daga gani an rubuta shi ne don ƙasashen sanyi. Shafuka da yawa sun tafi a kan ƙanƙara da wani irin rufi na falle-falle da ban taɓa gani a unguwarmu ba. Bai san ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da ke toshe mana indararo ba. Soro kuwa ko ambatonsa bai yi ba. Ɗakin mahaifiyata a cikin gari na azara ne da ƙasa, kuma shi ma yana ɗiga ta gindin indararo. Na juya littafin gaba da baya, babu ko layi ɗaya. Sai wani dattijon magini ne ya zo ya gyara gangaren, ya yi yaɓe da makuba, yana ba ni labarin yadda a da ake haɗa laso, wato simintin gargajiya, daga katsin marina da gashin jima da dafara.

Yanzu muna ƙarshen Satumba, bokitin uwargida ya koma bakin rijiya. Littafin yana hannun kafinta na biyu, ya ara tun watan Yuli bai dawo da shi ba.