Man tea tree a kan cin ruwa: abin da na gani cikin makonni biyar

A watan Agustan da ya wuce, lokacin da ruwan sama ke kwana yana zuba a Kaduna, cin ruwa ya kama tsakanin yatsun ƙafata ta hagu. Fatar wurin ta yi fari ta jiƙe tana tsagewa, ga ƙaiƙayi mai hana sukuni da zarar na cire takalmi. Aikina yana sa in wuni cikin safa da takalmi sau-ciki, kuma na saba mayar da su bayan alwala ba tare da na tsane ƙafar ba. A wani shagon turare da mayukan gyaran jiki da ke Tudun Wada na sayi wata 'yar kwalba mai mililita 10 ta man da ake kira tea tree, wanda duk da sunansa ba shi da wata alaƙa da ganyen shayi.

Ana tatsar man ne ta hanyar turara ganyen wata bishiya ta ƙasar Ostireliya mai suna Melaleuca alternifolia, kuma sinadarin da ya fi yin aiki a cikinsa shi ne terpinen-4-ol, wanda ke lalata ɓawon ƙwayar fungas, wato irin ƙwayar cutar da ke haddasa cin ruwa, har abin da ke cikinta ya tsiyaye. Ƙa'idar duniya ta ISO 4730 ta tanadi cewa sinadarin ya kasance tsakanin kashi 35 zuwa 48 cikin ɗari, kuma wannan ne ya sa na zaɓi kwalbar da aka rubuta adadinsa a jikinta, na bar wasu biyu masu araha da ba su faɗi komai ba. Kwalbar ta gilashi ce mai duhu, abin da ya dace, domin haske da iska suna sauya man ya ƙara tayar da fata.

Ranar farko na ɗiga shi tsagwaronsa kamar yadda mai shagon ya umarce ni, sai wurin ya ɗauki raɗaɗi ya yi ja har wayewar gari. Na dakata kwana biyu, sannan na riƙa haɗa ɗigo ɗaya da ɗigo uku na man kwakwa ina shafawa safe da dare, na kuma ajiye ɗan tawul na musamman don tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala. Ƙaiƙayin ya lafa cikin mako guda, amma sai a mako na biyar fatar ta haɗe sarai. Ƙamshinsa mai kaifi ne kamar na kafur, kuma yana kama safa.

Abin da na gani bai yi nisa da binciken da aka wallafa a Ostireliya a 2002 ba, inda aka gwada man a kan mutum 158 masu cin ruwa na tsawon makonni huɗu. Waɗanda suka shafa haɗin kashi 50 cikin ɗari, kashi 64 daga cikinsu sun rabu da ƙwayar cutar, alhali a cikin waɗanda aka ba maganin da ba shi da man kashi 31 ne kawai suka rabu da ita. Yana aiki ke nan, sai dai ba ga kowa ba, kuma kirim ɗin clotrimazole, wani maganin cin ruwa da ake samu a kowane kemis, ya fi shi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne da na ji mai shagon yana ce wa wata mata, “Hajiya, ki shafa wa yaron a ka, makeron zai mutu, ki kuma ɗiga masa kaɗan a ruwan sha.” Wannan shawara tana da haɗari ƙwarai, domin man guba ne idan aka haɗiye shi, musamman ga yara, yana iya jawo jiri, tangaɗi da fita hayyaci. Shi kuwa makeron kai yana shiga cikin silin gashi ne, inda man shafawa ba ya isa, saboda haka maganin sha irin su griseofulvin likita ke rubutawa na makonni da dama. Na bi matar har bakin ƙofa na roƙe ta da ta kai yaron asibiti, ta kuwa amsa mini cewa gobe da safe za ta kai shi.