Zaɓen Takarda, Ruwa da Launi Domin Gwajin Rarrabe Kalar Abinci a Makarantun Legas

Malamin kemistiri da ke shirin nuna wa ɗalibai yadda ake rarrabe kalar abinci ta hanyar kuromatogirafi na takarda (wato a ɗiga kala a kan takarda, ruwa ya hau takardar ya raba launukan da ke cikin kalar), dabarar da Consden da Gordon da Martin suka fito da ita a Ingila a shekarar 1944, abu uku zai saya: takarda, da ruwan da zai hau ta, da kalolin kansu. A ganina, takardar ce ta cancanci a kashe mata kuɗi, sauran biyun kuwa ana iya samun su da araha ba tare da gwajin ya lalace ba.

Takardar da aka fi sani ita ce Whatman mai lamba 1, wadda kaurinta ya kai milimita 0.18, kuma ruwa yana hawanta a daidaice, ta yadda kowane launi zai tsaya a matsayinsa a ga shi sarai. Akwai kuma Whatman 3MM mai kaurin milimita 0.34, wadda take ɗaukar samfur mai yawa kuma ba ta saurin yagewa, sai dai ta fi tsada, kuma aji na sakandare ba ya buƙatarta. Takardar tace kofi tana rarrabe launi, amma ɗigon yakan baje ya yi jela, har ɗalibi ya rasa inda zai ɗora rula idan ya zo lissafin Rf, wato nisan da launi ya yi a raba da nisan da ruwa ya yi. Tishu kam kada a soma. Ga wanda zai je kasuwar sinadarai ta Ojota, ya fi riba ya sayi babban falle mai santimita 46 da 57 ya yanka da kansa, maimakon zagayayyiyar takardar mazurari, wadda ba a samun dogayen tsiri daga cikinta. A duba cewa kwalin a rufe yake, domin takardar tana shan danshi, iskar Legas kuwa ba ta rabuwa da laima, musamman da damina. Bayan an buɗe sai a adana ta cikin leda mai zif.

Batun ruwa bai da wuya. Kalolin abinci suna narkewa cikin ruwa, saboda haka gishirin girki giram 1 cikin lita 1 ya wadatar. Ana iya amfani da sifirit a gauraya da ruwa, amma yana kama wuta, kuma a ɗakin da yara suka cika babu dalilin ɗaukar wannan kasada.

A wajen kala ne masu saye suka fi yin kuskure. Masu kayan kek a Oke-Arin da Agege suna sayar da ta ruwa, da ta gari, da mai kauri, da kuma wadda ake haɗawa da mai domin cakulan. Ta ruwa ta fi sauƙin aiki; ta gari ma tana yi idan an narkar da kaɗan, amma ta mai ba za ta motsa daga layin fensir da ake ja kusa da ƙasan takarda domin ɗiga kala a kansa ba. A zaɓi kwalba mai lambar NAFDAC wadda aka rubuta abin da ke cikinta: tartrazine E102 rawaya, brilliant blue E133 shuɗi, allura red E129 ja. Kore ya fi kowanne armashi a aji, domin yawanci haɗin rawaya da shuɗi ne, kuma ɗalibai za su ga ɗigo guda ya rabu gida biyu cikin 'yan mintuna. Idan aka ɗiga rawaya da shuɗi tsantsa a gefensa, su da kansu za su gane abin da aka haɗa.

Faranti mai silika da jami'o'i ke amfani da shi ya fi takarda sauri da kaifi, amma kuɗinsa ya wuce abin da wannan darasi ke buƙata. Tsinken sakace yana maye gurbin siririn bututun gilashi wajen ɗiga kala, kwalbar bama da aka wanke kuma tana iya zama mazubi, muddin tana da murfi kuma ruwan cikinta bai kai layin fensir ba.