Sauke mota ƙasa: wanne za ka saya, wanne za ka guda

Gibin nan da ke tsakanin taya da bakin fenda shi ne yake hana mai son mota barci. Ka kalli motar daga gefe, sai ka ga kamar ta sa ɗangalallen wando. Idan aka sauke ta kaɗan tana ƙara kyau, tana kuma ƙara zama a kwana, tunda nauyinta ya matso kusa da kwalta. Amma akwai iyakar da in an wuce ta, kwalliya ke cinye tuƙi, kuma yawancin motocin da ake yi wa tafi a Instagram sun wuce ta tuni.

Yanke sifirin da injin yankan ƙarfe, ko gasa shi da wuta don ya lotsa, wannan ba ya cikin lissafi, ɓarna ce kawai. Jakar iska irin ta Air Lift tana da daɗin kallo, ka danna maɓalli mota ta durƙusa kamar raƙumi, sai dai ka sayi kwamfireso da tanki da bututai, kowanne yana jiran ranar da zai yi yoyo. Su kuwa masu karkatar da taya digiri 8 ko 10, salon da Japanawa ke kira onikyan, gefen tayar kawai ke taɓa ƙasa, birki ya ragu, taya ta ƙare da wuri. Motar hoto ce. Mai tuƙi na gaske digiri 1 zuwa 2 ya ishe shi.

Abin da ni nake so, ba kuma na ɓoyewa, shi ne gajeren sifirin da aka haɗa da shokabzoba daidai da shi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Bilstein B12 Pro-Kit, wato sifirin na Eibach da shokabzobar Bilstein a kwali guda, duka kamfanonin Jamus. Yakan sauke mota kamar milimita 25 zuwa 35. A takarda kaɗan ne, a ido kuwa gibin ya rufe. Dalilin da ya sa na nace a haɗa su tare: shokabzobar da ta zo da mota an auna ta ne da dogon sifirin. Ka sa mata gajere mai tauri, sai ta koma aiki a matse, ta kasa riƙe shi, motar ta dinga tsalle bayan kowane rami, ba ta kuma daɗewa take mutuwa. Shokabzobar Bilstein samfurin B8 kuwa an gajarta sandarta musamman saboda motar da aka sauke.

Akwai kuma abin da masu saukewa da yawa ba sa so su ji. A yawancin ƙananan motoci, gaba tsarin MacPherson ne, wato sifirin da shokabzoba a haɗe a sanda ɗaya, kuma hannun ƙasa da ke riƙe taya an tsara shi ya kwanta kusan a miƙe. In ka sauke fiye da kima sai ya karkace, motar ta fi son kwanciya a kwana duk da ta yi ƙasa, sitiyari ya riƙa fizgewa da kansa idan taya ta hau tudu. Sannan tafiyar sifirin ta ƙare, kana zaune a kan robar da ke tare shokabzoba idan ta matse har ƙarshe. Wannan taurin da wasu ke kira "riƙe hanya" rashin sifirin ne kawai. Ban ma zo kan kaskon man inji da salansa da ke gogar ƙasa ba.

Koyiloba, wato sifirin da shokabzoba a haɗe da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta, tana da kyau in ta gaske ce. Ta kamfanin KW samfurin V1 tsayi kawai kake gyarawa, V3 kuwa har da yadda take matsewa da yadda take dawowa. Wanda ke shiga filin tsere ya saya. Sauran mutane sau ɗaya suke murɗa ta, su manta.

A nan ne fa aka taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na sayi koyiloba a intanet, da sunan wani babban kamfani a jikinta, kusan rabin kuɗin da aka saba. Kwali mai sheƙi, fenti daidai. Wata huɗu ba su cika ba ta gaban dama ta fara zubar da mai, zaren murɗawa ya yi tsatsa ya kafe, ranar da bakanike ya kwance ta ya nuna mini waldin gindinta ya tsage. A kan babbar hanya nake gudu da ita kullum. Mai sayarwar ya riga ya rufe shafinsa.

Saboda haka kada launi ya ruɗe ka. Ruwan ɗorawar Bilstein da jan sifirin ɗin Eibach Sportline su ne abu mafi sauƙin kwaikwaya, gwangwanin fenti ɗaya ya gama. Ka duba lambar da aka buga a jikin sifirin da shokabzoba, ka nemo ta a kundin kamfanin, ka tabbata ta dace da samfurin motarka da injinta, don nauyin gaba ya bambanta. Kayan Jamus na gaske galibi suna zuwa da takardar TÜV, wato ta masu gwajin ingancin kaya a Jamus, mai ɗauke da lambobin nan. In babu, ko lambar ta saɓa, ka tambayi dalili. Ka sayi daga dillalin da sunansa ke shafin kamfanin. Ka kalli waldi, ka ɗaga ka ji nauyi. Tsohuwar shokabzobar da aka wanke aka sake wa fenti ma tana yawo a matsayin sabuwa, sai ka duba sandar ko tana da zane ko laima. Wanda ya ce maka "kamfani ɗaya ke yin su, suna ne kawai babu", ka riƙe kuɗinka.

Bayan an ɗaura, a ɗaure kusoshin bushin motar tana tsaye a kan tayoyinta, ba a rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. A yi ɗan yawo sifirin ya zauna, sannan a kai ta alaimen na taya huɗu, a kuma sake saita fitilun gaba.