Yadda na yanke bidiyon bikin Yaya da LosslessCut

Bidiyon bikin yayata ne, na shekarar 2009, a gidanmu na Gwammaja a Kano. Yana kan faifan DVD har faifan ya fara karcewa, sai na kai shi Farm Centre aka juye mini shi zuwa MP4 a filashi. Awa biyu ne da 'yan mintoci. Hajiya ta ce in tura wa 'yan uwa, don Baba yana ciki, Allah Ya jiƙansa, zaune kan darduma a ƙofar gida ranar ɗaurin aure. Amma ta kafa sharaɗi: "Ka cire wajen kamu. Matan mutane ne a ciki, wasu ko mayafi babu, yanzu kuma duk iyaye ne."

Da wata manhajar waya na fara. Ta yi kusan awa guda tana aiki, wayar ta yi zafi rau, da ta gama sai ga fuskoki dishi-dishi. Aikin wuyan babbar rigar Baba ya dame ya koma kamar kunu. Raina ya ɓaci sosai. Wani ƙanin abokina mai tace bidiyo a Zoo Road shi ya fahimtar da ni: bidiyon dama a matse yake, wato an rage nauyinsa, kuma duk sanda aka sake matse shi sai wani abu na kyansa ya zube, ba ya dawowa. Ya ce in nemi wata manhaja mai suna LosslessCut.

Kyauta ce, ta kwamfuta ce, tana hawa kan Windows da Mac da Linux, babu ta waya. A kan FFmpeg, wata manhajar sarrafa bidiyo, aka gina ta. Ba ta sake matse komai, kwafo sashen da ka zaɓa kawai take yi yadda yake. Ka danna harafin I a kibod inda kake so a fara, O inda za a tsaya. Na ware wurare shida da za a cire, har da minti huɗun da mai kyamara ya manta yana ɗaukar ƙasa da takalman mutane, na ce ta haɗe sauran wuri guda. Kafin in zuba shayi ta gama, a tsohuwar laftof ɗina kuwa. Rigar Baba ta fito tas, zare-zare. Fayil ɗin asali ma ba ta taɓa shi ba, sabo ta fitar.

Sai dai ga inda ya kamata mutum ya nutsu. Matsattsen bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Jifa-jifa yake ajiye cikakke guda, wanda suke kira kifirem, na bayansa kuma canjin da aka samu kawai suke ɗauke da shi. To yankan da ba a sake matsewa dole daga kifirem zai fara, kuma tsakanin wani da wani kan kai daƙiƙa 10 a wasu fayiloli. Haka ta faru da ni: na duba, sai ga daƙiƙa biyu na ƙarshen kamu sun maƙale, fuskar wata gwaggonmu a fili. Da ban kalla ba da na tura, kuma abin da ya shiga wayoyin dangi ba ya janyuwa. Na koma na matsar da yankan zuwa kifirem na gaba, na haƙura da 'yan daƙiƙun isowar angwaye. Saboda haka duk mai yanka don sutura, ya kalli bakin kowane yanka da idonsa sau biyu.

Ba ta buga rubutu a jikin hoto, ni kuwa dama ba shi na zo nema ba.

Wajen turawa a WhatsApp, a matsayin fayil na tura, domin in ka tura shi kai tsaye daga galari sai a sake matse shi, wahalarka ta tashi a banza. Daren nan na kunna wa Hajiya a laftof. Da aka zo inda Baba yake gyara hula yana amsa gaisuwa, sai ta ce, "Dawo mini da shi baya."