Iksora, gardeniya ko musenda: wacce za ta jure bazarar Sakkwato?

Duk wanda ya tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, ukun nan ne ke fara ɗauke masa ido. Dukkansu dangin itacen kofi ne, kuma dukkansu suna son ƙasa mai ɗan tsami da iska mai laima, abubuwa biyun da garin nan bai wadata da su ba. Ruwan samanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, zafin Afrilu kuwa yakan haura digiri 40. Don haka kafin ka ciro kuɗi, ka tambayi kanka wacce za ta kai damina ta gaba da rai.

Ni dai iksora nake zaɓa. Asalinta kudancin Indiya ne da Siri Lanka, furenta ƙanana masu leɓe huɗu, suna fitowa a dunƙule, ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan hoda. Iri biyu za ka tarar. Akwai gajeriya mai ƙananan ganye wadda ake jerawa a gefen hanyar shiga gida, akwai kuma babba mai faɗin ganye da kan kai tsayin mutum. Gajeriyar ta fi kyau a ido ranar saye, amma ba ta yafe kwana biyu babu ban-ruwa. Babbar, musamman ja, ta fi juriya, kuma idan ta kama ƙasa tana yin shinge mai kauri. Ka ba ta wurin da rana ke bugawa da safe, inuwa ta rufe ta daga azahar.

Babbar matsalarta a nan ita ce ganye ya koma rawaya alhali jijiyoyinsa na nan kore. Mutane sukan ɗauka ƙishirwa ce, su ƙara ruwa, abin ya ƙi. Ƙasar ce ke da farar ƙasa, sai shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. A yankin da ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ba abin mamaki ba ne a ga haka. Kada ka dasa ta jikin katanga ko inda magina suka kwaɓa siminti, kada kuma ka zuba mata toka. Idan ruwan rijiyar burtsatsenka na barin farin ɓawo a gindin buta, ka tara mata ruwan sama gwargwadon hali, ka yawaita ruɓaɓɓen takin shanu da busasshen ganye a gindinta.

Gardeniya, wadda ta fito daga Sin da Japan, ƙanshinta da daddare babu na biyunsa, kuma na san Hajiyoyi da yawa saboda shi suke sayenta. Sai dai tana zubar da toho kafin ya buɗe da zarar iska ta bushe, ga hunturu ga bazara. In har kana sonta, a tukunya za ka ajiye ta ƙarƙashin rumfa, ka yarda da hidimarta kullum. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ’yar uwarta ta gida, gauɗe, tana nan a dajinmu da fure mai ƙanshi, ta saba da fari, amma da wuya ka ga mai renonta don sayarwa. Ya kamata mu riƙa tambayar ta har su fara.

Musenda shan ruwa gare ta, kuma takan kaɗe ganye da rani. Sai mai lambu a fadama.

Wajen saye, kada yawan fure ya ruɗe ka. Tambayi mai ita ko a nan ya rene ta ko sabuwar kawowa ce daga kudu, domin wadda ta sha bazara guda a Sakkwato ta fi daraja ko da ta fi tsada. Ɗaga ledar ka duba: idan saiwa ta fasa ta shige ƙasa, za ta wahala bayan dashe. Juya bayan ganye, in ka ga farin abu kamar auduga ko tururuwa na hawa da sauka, akwai ƙwari, ka bar ta. Ka saya a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, bayan ruwa ya zauna, don ta samu watanni tana kafa saiwa kafin iskar hunturu ta taso.